Tebura Tamanin

Saura wata uku zaɓe suka zo rumfata a Sokoban,
mota baƙa, gilashi baƙi.
Wani yaro mai ƙamshin turare ya leƙo ya ce:
tebura tamanin, na makarantar gwamnati ta Aboabo,
a rubuta sunan Onarabul a goshin kowanne
da manyan baƙaƙe, yadda kyamara ba za ta wahala ba.

Na ce, kuɗin katako fa?
Ya ce, asusun ilimi yana hanya,
an riga an sa hannu a Ankara.

Na karɓo katako bashi wurin Opanin Boakye.
Itacen nan, Asantawa wawa suke ce masa.
Ban san da ni ake ba.

Kwana arba'in ni da Fuseini muna yanka muna gogewa,
garin katako har cikin kokon safe.
Ranar biki aka jera su a fili, rumfa, ganguna, jawabi.
'Yata Lariba aka zaɓa ta miƙa fure,
ta zauna a tebur na farko, minti goma,
ta ɗora gwiwar hannu kamar wadda ta saba.
Aka ɗauki hoto.
Da la'asar aka ce in mayar da su rumfa
sai takardar biya ta fito.

Onarabul ya faɗi zaɓe.
Wanda ya hau ya ce bashin na wancan ne,
kuma shi ba zai zaunar da 'ya'yan jama'a
a kan sunan abokin hamayya ba.
Na yi sawu goma sha ɗaya zuwa ofis.
Mai gadi har ya san tarin da nake yi.

Damina ta zo ta wuce.
Opanin Boakye ya daina gaishe ni da Hausa.

Sai ga wata mata daga Ahodwo,
mai makarantar da kuɗin zango ɗaya
ya fi abin da zartona ke ci a shekara.
Ta ƙwanƙwasa katako da farce, ba ta yi ciniki ba.
A kankare sunan nan, in ji ta, a shafa mai sheƙi.

Ni na kai su da kaina.
Ƙofar ƙarfe ta buɗe ba hannun kowa.
Ciyawa tana shan ruwan da layinmu ke jira tun Talata.
Aji ɗaya yara goma sha biyar,
sanyi na sauka daga bango,
taswirar duniya ta fi ƙofar ɗakina faɗi.
Ba na jin haushin yaran.
Ɗaya ma ya riƙe mini ƙofa, ya ce sannu da Turanci.

Da na kifa tebur na farko zan ɗaure ƙusa
na ga rubutu a cikinsa, da biro shuɗi, ƙanana:
Lariba Gariba, aji biyar.
Yaushe ta yi, a cikin minti goma?
Takardar gugar tana aljihuna.
Na bar ta a aljihu.

Yanzu kullum da safe
tana ɗaukar kujerar da uwarta ke tuƙa tuwo a kai,
ta ɗora a ka, ta tsallake kwata,
ta shiga cikin yara tamanin da bakwai
ta yi rubutu a kan cinya.
Makwabta na cewa, 'yar kafinta ce fa.

Jiya ta kawo takarda daga hedimasta.
Ilimi kyauta ne, haka aka fara,
sai dai ana roƙon kowane uba sidi talatin
gudummawar sayen tebura.

Na buɗe gwangwanin da ragowar kuɗin Ahodwo ke ciki,
na ƙirga mata.